Mai jiki a kujerar jirgi: batun bel da kujera ta biyu

Ni mai jiki ne, haka Allah ya yi 'yan gidanmu tun daga kakanni. Sana'ata yadi ce a Kantin Kwari, saro kaya ke kai ni Dubai da Chaina, idan Allah ya hore kuma in leƙa Umara. Duk mai jiki irina da ya taka matakalar jirgi yana ɗauke da tambaya biyu a cikinsa: kujerar za ta ɗauke ni? Bel ɗin zai kai? Ta farko maganar jin daɗi ce da haƙƙin maƙwabci. Ta biyu maganar rai ce, kuma ita muka fi jin nauyin furtawa.

A shagon telana na fara gane lissafin. Na ce masa, "Malam, yau a zaune za ka auna ni." Ya sa ni kan benci, ya aza tef daga wannan gefen ƙugu zuwa wancan. Awon da yake yi mini na ɗinkin wando ba ya amfani a nan, domin idan mutum ya zauna jiki bajewa yake yi. Faɗin kujerar jirgi kuwa tsakanin hannayenta biyu ake auna shi. A Boeing 737, wanda ya cika hanyoyinmu na cikin gida, kusan inci 17 ne. A Airbus A320 ya kusa 18. Manyan jiragen dogon zango ma ba su fi haka ba: Boeing 777 da aka jera wa kujeru goma a layi, da 787 mai tara a layi, duk wajen inci 17 ne, A350 kuma wajen 18. Siririn mutum zai ce inci ɗaya me zai yi? Wanda ƙarfen hannun kujera ya kwana yana cin cinyarsa daga Adis Ababa zuwa Chaina shi ya san amsa. Tun daga lokacin, kafin in tambayi ejan kuɗin tikiti, samfurin jirgin nake fara tambaya.

Bel ɗin jirgi ba ya zagaye ƙugu kamar na wando. Daga gefen kujera yake tasowa, ya bi ta kan cinya, ya haɗu da ɗan'uwansa. Tsawonsa ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi, ko da kamfanin ɗaya ne. Kamfanin Alaska na Amurka yana cikin masu faɗin nasu a fili: bel wajen inci 46, ƙarin da ake jona masa kuma inci 25. Wannan ƙarin kyauta ne, yana cikin galibin jiragen fasinja, irinsa ma'aikata ke ɗagawa sama idan suna nuna yadda ake ɗaure bel kafin tashi. Ni a bakin ƙofa nake nema, lokacin da ma'aikaciya ke duba takardar shiga. In faɗa mata lambar kujerata a hankali, in ce ina son ƙarin bel. Ba a taɓa tambayata dalili ba. Galibi a naɗe take kawo shi cikin tafin hannu, ta miƙo ta wuce, na kusa da ni ma bai lura ba. Dalilin nema da wuri shi ne ba su da yawa a jirgi, kuma idan an rufe ƙofa ma'aikatan suna cikin sauri.

Wurin da bel ke zama yana da muhimmanci ƙwarai gare mu. Ƙasan tumbi ake kwantar da shi, kan ƙashin ƙugu, a ja shi ya kama. Idan ya hau kan ciki, ranar da jirgi ya fizga, kayan ciki ne za su karɓi bugun maimakon ƙashi, kuma mutum na iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Ni da hannu ɗaya nake ɗaga tumbin, in shigar da bel da ɗayan, sannan in gyara riga.

Ƙarin kuma guda ɗaya ne iyakarsa a dokar kamfanoni da yawa. Kamfanin United na Amurka, alal misali, sharaɗinsa shi ne fasinja ya iya ɗaure bel da ƙari ɗaya, hannayen kujera su sauka su zauna, kuma jikinsa kada ya shiga wurin na kusa. Da farko na ɗauka tsaurin kai ne kawai, sai da na bi yadda ake gwada kujerun. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta kafa doka a 1988 cewa kujerun sababbin samfuran jirage su jure fizgar da ta ninka nauyi sau 16, daga Oktoban 2009 kuma dokar ta hau kan duk jirgin fasinjan da aka ƙera wa kamfanonin ƙasar. Ana ɗaure mutum-mutumi a kujera, a harba ta kan dogo, a tsayar da ita farat ɗaya, a ga abin da zai faru. Nauyin mutum-mutumin nan fam 170 ne, wato kusan kilo 77. Ni na wuce nan nesa ba kusa ba. Wannan ba ya nufin bel zai tsinke da zarar an haura kilo 77, amma yana nufin tabbacin da gwajin ya bayar a kan wannan jikin aka gina shi. Duk ƙarin da aka jona yana kawo sabuwar mahaɗa da sabon sako-sako, yana kuma kawar da kan bel daga inda aka tsara ya zauna. Na yarda da iyakar ƙari ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ci gaba da gwaji da jikin da fasinjojin yau da yawa suka wuce, alhali kamfanonin sun san su wa suke ɗauka.

A wata tafiyar Umara daga Kano zuwa Jidda na zauna kusa da wani dattijo, shi ma mai jiki, yana cikin harami. Da aka ce a ɗaura bel, na ga ya jawo kan ƙarfen iya inda ya tsaya, saura kamar taƙi ɗaya ya kai, sai ya riƙe da hannu ya yafa mayafin haramin a kai. Ma'aikaciya ta zo ta duba, ta ga kamar a ɗaure yake, ta wuce. Na sunkuya na ce, "Baba, bai kai ba ko?" Ya ce, "Bar shi, ɗana, kada a tara mana jama'a." Na ɗaga gefen nawa haramin na nuna masa mahaɗar, na ce, "Ni ma da ƙari nake, Baba. Bari in karɓo maka." Ya yi shiru yana kallon ƙarfen, sannan ya gyaɗa kai. Da aka kawo, ni na jona masa, ya ji ƙarar kamawar da kunnensa, ya ce Allah ya yi albarka. Na sha ganin irin wannan, wani da babbar riga, wata da hijabi, wani da bargon jirgi. Tufafinmu masu yalwa ne, ɓoyewar ba ta da wuya, shi ya sa abin yake tayar mini da hankali.

Mutane suna ɗauka bel na ranar hatsari ne, ranar da in ta zo ba abin da zai hana. Amfaninsa na kullum a gargadar iska yake. Ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar gargada a samaniyar Myanmar. Rahoton farko na masu bincike ya nuna ya yi ƙasa da ƙafa 178 cikin daƙiƙa 4.6. Waɗanda ba su ɗaure ba suka tashi sama suka bugi rufi, suka dawo ƙasa. Mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni a kai da ƙashin baya, jirgin ya karkata ya sauka a Bankok. Hannun da ya riƙe kan bel ƙarƙashin mayafi ba zai riƙe kilo ɗari da wani abu ba a irin wannan lokaci, kuma jikin da ya tashi a kan wani zai sauka.

Wani abokin kasuwa ya taɓa nuna mini ƙarin bel da ya saya a Chaina, ya ce yana hutar da shi roƙo. Ban karɓi shawarar ba. FAA ta fitar da sanarwa a 2012 cewa kada a yi amfani da ƙarin da fasinja ya zo da shi daga gida, ko da an buga masa tambarin amincewa. Na kamfani yana cikin kayan jirgi da injiniyoyi ke dubawa, naka kuwa ba wanda ya san ƙarfin zarensa, ko yadda ya saki da amfani, ko ma kansa ya dace da na wannan jirgin.

Akwai kujerun da suke kamar an yi su domin mu, alhali ba haka ba ne. Layin ƙofar gaggawa yana da wurin miƙe ƙafa, amma kamfanoni da yawa ba sa barin mai ƙarin bel ya zauna a nan, saboda igiyar na iya harɗe ƙafar masu gudu, kuma ana tsara jirgi ne a kan kowa ya fice cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. Layin gaba mai fuskantar bango shi ma hannayen kujerunsa ba sa ɗaguwa, teburin cin abinci na cikinsu, sun cinye wani abu daga faɗin. Har ɓangaren manya ba kullum yake warware matsalar ba. Wasu kujerun can bel ɗinsu na ɗauke da jakar iska, irin ta mota, ƙarin da aka saba ba ya aiki da shi. A 2018 Thai Airways ya sanar cewa wanda ƙugunsa ya wuce inci 56 ba zai zauna a ɓangaren 'yan kasuwa na jirginsa 787-9 ba saboda wannan dalili. An yi ta surutu a lokacin. Ni dai na fi son wanda ya gaya mini tun ina gida a kan wanda zai karɓi kuɗina ya bari sai a gaban jama'a.

Kujera ta biyu kuwa kowane kamfani da tsarinsa. Southwest na Amurka ya daɗe yana mayar wa mai jiki kuɗin kujera ta biyu bayan tafiya, amma daga 27 ga Janairun 2026 ya ɗaure abin da sharuɗɗa, ciki har da jirgin ya tashi da kujerar da ba kowa, kuma a nemi kuɗin cikin kwana 90. Air France yana rage kashi 25 cikin ɗari a kan ta biyun, ya mayar da kuɗin idan jirgin bai cika ba. Kanada ce ta yi nisa: tun 2008 hukumar sufurinta ta yanke cewa a tafiyar cikin gida, wanda ƙiba ta kai shi ga naƙasa, da shaidar likita, kuɗin mutum ɗaya zai biya ko da kujera biyu yake buƙata.

A dogon zango ina sayen ta biyun idan kasuwa ta yi kyau, domin wanda ke gefena shi ma cikakken kuɗi ya biya, bai kamata in ci rabin wurinsa ba. Ba a saye ta da sunanka sau biyu a intanet, kwamfuta na iya ɗauka kuskure ne ta soke ɗaya. Ejan ko ofishin kamfani ke shigar da ita da alamar EXST, wato ƙarin kujera, a ba ka takardar shiga biyu, kuma ka tabbata an duba duka biyun a ƙofa, in ba haka ba sai a lissafa kujerar cikin waɗanda masu su ba su zo ba. Wani kamfani ya taɓa canza mana jirgi ana gobe tafiya, na iso na tarar kujeruna biyu ɗaya na gaba ɗaya na baya. Sai da na tsaya a kanta da rasit a hannu kafin aka haɗa su. Yanzu duk sanda aka turo saƙon canjin lokaci ko na jirgi, a ranar nake kiran ejan ya sake duba lambobin. Idan kuma tafiyar ta haɗa kamfani biyu, kowanne sai an tambaye shi daban, alkawarin wannan ba ya hawa kan wancan.

A ƙananan jirage an taɓa tashina daga baya aka mayar da ni gaba. Ban ji haushi ba, lissafin daidaiton nauyi ne. A Janairun 2003 wani ƙaramin jirgin Air Midwest ya faɗi a Charlotte ta Amurka jim kaɗan da tashi, mutum 21 suka rasu. Bincike ya gano kuskuren gyara a wayoyin sarrafa jelarsa, ga nauyi ya wuce ƙa'ida ya kuma taru a baya, domin matsakaicin nauyin fasinja da ake lissafi da shi ya tsufa. Bayan nan FAA ta ɗaga adadin. Idan ma'aikaci ya ce in koma wata kujera, tashi nake yi.

Abin da nake roƙon ejan-ejan namu na Kano da masu yi wa maniyyata bita shi ne su riƙa faɗin maganar nan da bakinsu. A wurin bita ana koyar da ɗaura harami da amfani da bayin jirgi, minti biyu sun isa a ɗaga ƙarin bel a nuna wa jama'a, a ce kyauta ne, ga kalmar da ake faɗa wa ma'aikaciya, wanda ba ya jin Turanci ko Larabci ya nuna kan bel ɗin da hannu za ta gane. A kuma gaya musu idan an sauka a miƙa shi ga ma'aikata ko a bar shi kan kujera, domin jirgin zai juya da wasu fasinjojin, a cikinsu akwai mai buƙatarsa.