Talata: ɗafa-goshi ɗaya, fuska biyu

Yau sanyi ya ɗan lafa, ƙanƙarar bakin titi ta koma caɓi, da jiƙaƙƙiyar safa na shiga ajin tarihin harshen Rashanci. Malamarmu ta cika allo da kalmomi masu tauraro a gabansu. Tauraron nan alama ce cewa ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, masana ne suka gano siffarta ta hanyar kwatanta Rashanci da Folanci da Cek da Sabiyanci da sauran dangi, har suka kai ga uwar harsunan Silab. Rubutu bai zo wa mutanen nan ba sai wajen shekarar 863, lokacin da Kiril da ɗan'uwansa Metodiyus suka je Morabiya, wani yanki a tsakiyar Turai, wa'azi, suka ƙirƙiro haruffa. Harshen cocin da suka bari shi ne shaida mafi tsufa.

Ɗafa-goshi, wato guntun da ake liƙawa a farkon kalma, shi ne darasin yau. Kan *per- muka tsaya, mai nufin ƙetarewa ko ratsawa. A can baya harshen ya ƙi jinin gaɓar da ta ƙare da baƙi, sai kowane yanki ya nemo dabararsa. Na kudu suka juya shi ya zama pre-, Folanci ya ce prze-, mutanen gabas kuwa, irin su Rashawa, suka ƙara wasali ya zama pere-. Haka ta faru da *gord-, wato gari mai ganuwa: ga Novgorod ta Rasha, ga Belgrad ta Sabiya, duk saiwa ɗaya.

Inda abin ya burge ni shi ne Rashanci ya riƙe duka biyun, nasa na gida, pere-, da wanda ya aro daga coci, pre-, ya raba musu aiki. Peredat, miƙa abu. Predat, cin amana. Saiwar guda ce, ta bayarwa, ɗafa-goshin ma guda ne, wasali ɗaya kacal ya raba mai miƙa saƙo da mai miƙa ɗan'uwansa ga maƙiyi. Na gida ya tsaya kan abin da hannu ke taɓawa, na coci ya tafi can wajen manyan maganganu.

Da yamma a ƙaramar motar haya wata tsohuwa ta dungure ni a kafaɗa da kuɗinta a dunƙule, ta ce "peredaite", wato ku miƙa, na karɓa na miƙa gaba, canji ya dawo hannu zuwa hannu har ya iske ta.

Abokin ɗakina Bakano ne, likitanci yake karanta, ya ce wahalar banza nake sha. Na ce masa ai mu ma muna yi, wurin ne ya bambanta. Su a goshin aikatau suke liƙa alkibla, mu a ƙeya: fita da fito, saya da sayo da sayar. Ɗafa-goshinmu irin su ma- da ba- sunaye suke ginawa, makaranta, marubuci, Bahaushe. Ya ce to ni dai in sauke shinkafar kafin ta kama.

Akwai kuma *sǫ-, mai nufin tare. A haɗa shi da saiwar zama, *sěd-, sai a sami maƙwabci: sosed a Rashanci, sąsiad a Folanci, wanda har yau bai yar da sautin hancin ba. Ranar Alhamis za mu shiga ɗafa-goshin *orz-, an ba mu kalmomi mu nemo danginsu a harsuna uku, ban ko buɗe ƙamus ba tukuna.