Aikin dokar muhalli a Damagaram: inda yake da yadda ake shigarsa

Aikina shi ne binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli da jama'a, wanda a ofis ake taƙaitawa EIES. Doka na karanta, kuma yawancin dosiyoyin da suka bi ta hannuna na jihar Damagaram ne: hanyoyin karkara, rijiyoyin burtsatse, fadamun noman rani, da kafe tudun rairayi a wajen Gure. Ɗaliban da ke zuwa neman istaj kusan tambaya ɗaya suke kawowa, wai ta ina ake bi a je taron COP, wato taron duniya kan canjin yanayi. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. A nan Nijar, mai cin abinci da dokar muhalli a gona da burtali da bakin rijiya yake cinsa, sannan a kan tebur wajen rubuta rahoto. Shari'ar muhalli a kotu kaɗan ce, kujerar taron duniya kuwa ta fi ta ƙaranci.

Batun makaranta ba shi da tsawo. Mai son doka bayan bak, ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga ta Djibo Hamani a Tawa. Wanda ya zauna gida a Jami'ar André Salifou, sashen labarin ƙasa ƙofa ce mai kyau, don a nan ake koyon taswira da sha'anin mallakar ƙasa, kuma rabin aikinmu ke nan. Maraɗi na da tsangayar noma da kimiyyar muhalli, Difa na da cibiyar muhalli, makarantar Kollo kuma na fitar da ma'aikatan gandun daji. Bayan lisans, cibiyar AGRHYMET ta CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, wadda ke Yamai tun 1974, tana ba da horo kan canjin yanayi, shirin WASCAL a jami'ar Yamai kuma ya haɗa yanayi da makamashi. Jami'ar Limoges ta Faransa ta daɗe tana koyar da master na dokar muhalli ta duniya daga nesa, Jami'ar Senghor ta Iskandariyya a Masar ma tana da fannin kula da muhalli. Sharuɗɗan shiga na canzawa, sai a duba sanarwar shekarar da ake ciki, ba ta bara ba.

Shawarata a nan guda ce: kada ka tsaya da ƙafa ɗaya. Ɗan doka da bai iya karanta taswira ba, direba ne zai riƙa nuna masa iyakar gona. Ɗan labarin ƙasa da bai san aya ba kuma zai zana taswira mai kyau da ba ta kare haƙƙin kowa.

Dokokin da nake sa kowane ɗan istaj ya buga a takarda ya karanta da alƙalami a hannu ba su da yawa. Uwarsu ita ce doka 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 kan kula da muhalli. Sai doka 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 kan binciken tasiri, tare da dekre 2019-027 da ke fayyace yadda ake aiki da ita. Sai dokar karkara 93-015 ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo 2010-029, da dokar daji 2004-040, da dokar ruwa 2010-09. Sai kuma doka 61-37 kan karɓe fili don amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara da doka 2008-37; duk inda za a biya diyya, ita ce a gaba. Akwai kuma tsohuwar doka 61-05 ta 1961 da ta ja iyakar noma ta arewa. Tana nan a takarda, amma wanda ya bi hanyar Tanut da damina ya ga gero a inda dokar ta ce makiyaya ce, kuma rigingimu da yawa daga nan suke tasowa.

Wani abu da nake yawan gani a rubutun ɗalibai shi ne jawo aya ta 35 ta kundin tsarin mulkin 2010, mai cewa kowa na da haƙƙin zama a muhalli mai tsabta, tamkar tana aiki. An dakatar da wannan kundi tun Yulin 2023. Kwafe babin dokoki daga tsohon rahoto ke jawo wannan, kuma masu tantancewa sun san shi, shafin da suke fara buɗewa ke nan. Haka sunayen ma'aikatu: suna sauyawa, tsohon suna a rahoto kuma tonon asiri ne.

Ga yadda dosiye ke tafiya. Mai aiki, ko gwamnati ce ko kamfani, yana kai sanarwar aikin ga BNEE, ofishin ƙasa mai tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Ofishin ke sa aikin a rukuni. A na buƙatar cikakken bincike, B taƙaitacce, C jerin ƙa'idoji kawai, D ba ya buƙatar komai. Daga nan a rubuta sharuɗɗan bincike, TDR, a amince da su, sannan a fita daji. In an dawo a miƙa rahoton wucin gadi, a je a tabbatar da abin da ya faɗa a wurin, a saurari jama'a, kwamiti ya zauna ya tsefe shi, a gyara, minista ya sa hannu a takardar shedar cika ƙa'ida. Zuciyar rahoton ita ce PGES, jadawalin da ke cewa ga illa, ga maganinta, ga wanda zai yi, ga lokacin, ga kuɗin. Layin da ba shi da kuɗi a gabansa ba za a taɓa aikata shi ba. "A dasa itatuwa" ba mataki ba ne. Mataki shi ne a ce iri kaza, ƙafa kaza, da shinge, da ban ruwa na rani biyu, da sunan wanda zai ƙirga waɗanda suka rayu, domin dashen da ba shinge akuyar gari ce ke gama da shi kafin kaka.

Inda na fi son ɗalibi ya daɗe shi ne ƙidayar waɗanda aiki zai shafa, don a nan ake gane wanda ya fahimci doka. Ka ɗauki hanyar karkara da za ta yanki gefen wata gona a ƙasar Matamai. Ka iske mutum a ciki da hauya, ka rubuta sunansa, ka auna. Ba ka gama komai ba. Wataƙila jingina ce a hannunsa, mai gonar yana Kano. Wataƙila aro ce daga kawunsa, ko gado ce da ba a raba ba, ƴan'uwa mata na da kaso a ciki amma ba wanda zai ambace su in ba ka tambaya ba. Wataƙila akwai gayauna a kusurwa, matar gida ce ke noma kuɓewa da yakuwa a wurin. Saboda haka tambayoyin uku ne dabam-dabam: ƙasar ta wa ce, amfanin da ke kanta na wa ne, itatuwan na wa ne. Kowace da nata layi da tata diyya. Kwamitocin ƙasa, COFOB a ƙauye, COFOCOM a komin, COFODEP a sama, suna ba da takardun shedar gado da saye da kyauta da aro da haya da jingina, amma gonaki da yawa ba su da ko ɗaya. A nan sai ka zaunar da mai gari da maƙwabtan gona na kowane gefe, a faɗa a gabansu, a sa hannu ko a dangwala.

Itace kuma ba a ƙirga shi a dunƙule. A Magarya da Matamai da Mirya manoma sun raya gawo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani har ƙasar ta zama abin misali a duniya, kuma dekre 2020-602 na 30 ga Yuli 2020 ya tsara wannan aiki, ya ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya. To in ka rubuta "itatuwa 12" ka wuce, ka cuci mutum. Ana rubuta iri, a auna kaurin gindi daidai ƙirji, mita 1,30 daga ƙasa, a bambanta matashi da babba. Gawo na zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, ƴaƴansa kuma abincin dabba ne da ake sayarwa da rani. Kuka da goruba da aduwa kowanne da irin kuɗin da yake shigarwa, sau da yawa ga mata.

Abubuwan da ke ɓata ƙidaya sanannu ne. Na farko rashin shelanta ranar rufe rajista: in ba a faɗe ta a rediyon gari da masallaci da ƙofar mai gari ba, ka dawo ka iske an kafa rumfuna a kan layin hanya, kuma ba ka da hujjar hana su. Na biyu lokaci. Ƙidayar da aka yi da rani ba ta ganin amfanin gona, wadda aka yi da damina kuma ba ta ganin makiyayin da ya hau arewa, alhali burtalinsa ne hanyar za ta datse. Na uku na'ura. A tsarin lambobin taswira na UTM, Damagaram tana yankin 32N, Yamai tana 31N. Wanda ya karɓi fayil ɗin manhajar taswira ta QGIS daga wani biro na Yamai bai duba wannan ba, zai ga gonakin Mirya sun faɗo ɗaruruwan kilomita daga inda suke. Ina sa ɗan istaj ya ɗauki lambar GPS ta wani wuri sananne, kamar ƙofar fadar Sarki a Birni, ya duba ta a taswira kafin a loda mota.

Taron jin ra'ayi ma yana da nasa tarko. In Sarkin kanto na zaune, amsar kowa "Ranka ya daɗe, mun yarda" ce. Ba ƙarya suke yi ba, ladabi ne. Ana yin babban taron don girmamawa, sannan a ware mata da mace mai tambaya, a ware samari, a bi Fulani da Buzaye har inda suke. A gabas kana buƙatar mai jin Barbarci, a arewa mai jin Buzanci ko Tubanci. Kuma a guji fassara rahoto kalma da kalma. Dattijo ba ya buƙatar jin sunan rukuni, ka ce masa, "Baba, mita nawa za a ci daga gonarka, ga ranar biya, in ba a biya ba ga wanda za ka gani." Wanda ya iya wannan ya fi mai takardu uku daraja a ayari.

A rigimar ƙasa da ɓarnar gona, dokar karkara ta sa sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a kai ga alƙali, kuma ana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ƙara da yawa na dawowa saboda babu wannan takarda. Mai son zama lauya ya san hanyar doguwa ce, master da jarrabawar shiga aikin lauya, CAPA, da shekara uku na koyon aiki, kuma ba zai rayu da shari'ar muhalli kaɗai ba.

Siyasar yanayi fa? Tana nan, amma ba jawabi ba ce. Majalisar muhalli ta ƙasa, CNEDD, da aka kafa a 1996 ƙarƙashin ofishin firaminista, ita ke riƙe da yarjejeniyoyin duniya na Rio kan yanayi da halittu da kwararowar hamada. Nijar ta amince da yarjejeniyar Paris a 2016, ta sabunta alƙawarinta kan canjin yanayi, CDN, a 2021, kuma ya tsaya kan ɓangare biyu: noma da daji da amfani da ƙasa, sai makamashi. Wanda ake nema shi ne mai iya lissafin iskar da ke ɗumama duniya da ka'idojin 2006 na GIEC, kwamitin masana yanayi na duniya, ko mai iya amfani da manhajar lissafi ta EX-ACT ta hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ya faɗi tan nawa na kabon hekta dubu ta gawo za ta riƙe, ko mai iya rubuta takardar neman kuɗi ga Asusun Yanayi ya bambanta matsalar talauci da matsalar da yanayi ya ƙara. Wannan bambancin shi ke kayar da takardu da dama. Darussan UN CC:Learn da InforMEA kyauta ne a intanet, akwai su da Faransanci. Ka'idoji 10 na Bankin Duniya kan muhalli da jama'a, masu aiki tun 2018, dole ne a san su, musamman ta 5 kan karɓar fili da ta 10 kan shigar da jama'a. Turanci kuwa ba zaɓi ba ne, yawancin takardun tattaunawa da shi suke fitowa. Shi kuma katin shiga COP, ko an ba ka, ba ya zuwa da tikitin jirgi.

Batun rubutun kammala karatu, abin takaici ne ɗan Damagaram ya rubuta shafi tamanin kan yarjejeniyar Kyoto daga littattafan wasu, ga matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011 a hanyar Tanut, ga gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 aka sake masa iyaka a 2019 saboda rijiyoyin mai, ga dajin Takeita, ga tafkin Gidimuni, ga ruwan majema a cikin gari, ga dokar 2014 da ta hana leda alhali leda ta cika magudanan Kasuwar Dole. Ruwan saman 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni ma tambaya ce ta doka: wa ke da alhakin magudanar ruwa da kare kayan tarihi? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai ba ka bayanan da ba wanda ya riga ka tarawa, kuma shi za ka ajiye a teburin mai ɗaukar aiki.

Ƙofar shiga yawanci ƙarama ce: mai cika takardun tambaya da KoboCollect a waya, ana biyansa a kwana. Daga nan mataimaki, sannan mai kula da muhalli a wurin kamfanin gini, sannan ƙwararre a furoje. Istaj a ofishin muhalli na jiha ko sakatariyar dokar karkara ba ya kawo kuɗi, amma a nan ake sanin mutane da dosiyoyi. Duk aikin da ka yi, ka karɓi takardar sheda kafin ka bar wurin, mai ɗauke da sunan aikin da wanda ya ba da kuɗi da matsayinka da kwanan wata, domin ita ake ƙirgawa lokacin tantancewa, ba abin da ka rubuta a CV ba. Aikin na kwantiragi ne, ya zo ya ɗauke, kuma bayan 2023 da wasu masu ba da tallafi suka janye an ji a jika. In biro ya ce sai an amince da rahoto zai biya ka, ka nemi a rubuta kason farko da kuɗin hanya a takarda tun kafin ka hau mota, don tsakanin miƙa rahoto da zaman kwamiti ana iya shafe watanni.