Na ƙara wa kwamfutata RAM, ga yadda muka kwashe

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Na cika alkawarin da na yi muku na buɗe cikin kwamfutar nan ta tebur in ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, sai dai aikin da na ɗauka na minti goma ne ya cinye min yamma guda.

Gigabait 8 take da shi, sandar RAM ɗaya tilo, kuma da na haɗa burauza da manhajar gyaran bidiyo sai ta fara jan ƙafa. Kafin in sayi komai na duba ta da CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta: nau'in RAM ɗinta DDR4 ne, ramuka huɗu a madabod, wato babban faifan da ake jona kayan cikin kwamfuta a kai. Kar ku tsallake wannan dubawa. DDR3 ƙafa 240 gare ta, DDR4 kuma 288. DDR5 ma 288 ce, amma tsagar da ke gindinta ba wuri ɗaya take da ta DDR4 ba, ko ka matsa ba za ta shiga ba sai dai ka karya wani abu. Ta laftof kuwa gajera ce, ba ta da mazauni a nan. Na sayi tagwaye, gigabait 8 kowacce, masu gudun 3200, na ajiye tsohuwar a gefe, don in ka haɗa mai sauri da mai nawa, dukkansu tafiyar mai nawar za su yi.

Na kashe, na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin saboda lantarkin da ke taruwa a jikin mutum. Na saka sandunan a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na kunna. Fankoki na juyawa, allo baƙi wuluk. Wallahi gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ƙone madabod.

Da na haska tocila sai na ga zinaren ƙafafun sanda ɗaya yana leƙowa ta ƙasa, ashe gefe guda ne kawai ya zauna. Madabod ɗina makulli ɗaya gare ta a kowane rami, ɗaya ɓangaren ba ya motsi, shi ya sa na zaci ta kama. Gaskiya tsoro ne ya hana ni dannawa. Abin yana son ƙarfi fiye da yadda zuciya za ta yarda: ka daidaita tsagar da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka ɗora manyan yatsunka a ƙarshenta biyu, ka danna sai ka ji ƙas, makullin ya rufe da kansa.

Kwamfutar ta tashi, Windows ya nuna gigabait 16. Murna ta koma ciki da CPU-Z ya ce sandunan hanya ɗaya suke bi maimakon biyu. Na jera su ne kafaɗa da kafaɗa a ramukan A1 da A2, alhali littafin madabod ɗin, wanda ban buɗe ba sai da na sha wuya, ya ce A2 da B2, wato rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen firosesa. A haka ne suke raba aiki ta hanya biyu.

Saura gudu. Task Manager na Windows 2133 ya nuna maimakon 3200, sai da na shiga BIOS, wato saitin madabod, na kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta. A nan ma allon ya ɗan jima kafin ya kawo, amma wannan karon na haƙura ban taɓa komai ba.

Na bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, yana gwaji cikin dare, zagaye huɗu ba kuskure ko ɗaya. Tsohuwar sandar tana cikin ledarta mai kare lantarki, mako mai zuwa zan gwada ta a wata kwamfutar in faɗa muku.