Farantin sola a kan rufin bas ɗina

Duk wanda ya hango farantin sola a kan rufin 'yar bas ɗina, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, da rana take tafiya?" Ina! Fetur take sha kamar ta kowa. Aikin farantin shi ne cajin batir na biyu da ke bayan kujera, wanda ke riƙe da firjin da nake zuba zoɓo da kunun aya ina zagayawa da su tsakanin Samaru, Kwangila da Sabon Gari a nan Zariya. Da can ƙaramar janareta nake ɗauka, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ribar kunun a tankinta take ƙarewa.

Abin da na fi so mai niyyar yin irin wannan ya riƙe shi ne kada ya jona firji da batirin tayar da mota. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi lokacin kunna inji, ba a yini ana tatsarsa ba. In ka matsa masa, da la'asar sai ka nemi samarin da za su tura ka. Batir na biyu daban, irin na sola mai jure ja a hankali, kuma in za a haɗa su, a sa rilen da ke raba su da zarar inji ya tsaya.

Lissafin ba wuya. Nawa batirin bolt 12 ne, am 100, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 100 na awa 12 a takarda. Sai dai batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, don haka awa 6 ke gare ka. Farantin kuwa wat 200 aka rubuta a bayansa, amma ban taɓa ganin ya kai haka ba, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi. Shi ya sa na sa mai walda ya ɗaga shi a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na rufin mota, iska na ratsawa ta ƙasa. A zafin Afrilu, rufin mota ko hannu ba ya ɗoruwa.

Tsakanin faranti da batir dole a sa kwantirola, wato na'urar daidaita caji, don farantin yana fitar da kusan bolt 18, kai tsaye kuwa dafa batirin zai yi. A cikin nau'o'in kwantirola, mai suna MPPT ta fi mai suna PWM tsada, amma ta fi ta tatsar wuta. A fara jona batir, sannan faranti, a kuma sa fiyus dab da kan batirin.

Mu a Zariya mun yi sa'a da abu ɗaya: muna wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, rana ta saman kai take bi, don haka faranti a kwance ma yana samun rabonsa. Matsalarmu ƙurar hunturu ce, kullum sai an bi shi da jiƙaƙƙen tsumma. Sai kuma inuwa. Wane direba ne zai ga darbejiya ya faka a rana? To, reshe ɗaya ya gitta kan farantin, cajin ya faɗi ƙasa warwas. Yanzu motar na rana, ni ina kan benci a inuwa, masu saye su same ni can.

A Agusta, in hadari ya kwana biyu bai yaye ba, farantin ba ya cika batirin. Lokacin rilen nan ke ceto na: altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ta ƙarasa cajin a kan hanya, ni kuma in rage yawan buɗe firjin.