Yini Guda a Kan Rufin Wani Gida a Indiyanafolis

A watan Afrilu na sauka a birnin Indiyanafolis da ke Amurka domin halartar FDIC, babban taron ma'aikatan kashe gobara da ake yi a can duk shekara. Washegari da asuba, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, bas ta kai mu wani tsohon gidan katako da aka ware don horo.

Aikin ma'aikatan kashe gobara a rabe yake: ayarin motar ruwa ke jan tiyo zuwa ga wutar, ayarin motar tsani kuwa su ke ɓalle ƙofa, su nemo waɗanda suka maƙale, su kuma buɗe wa hayaƙi hanya. Da ayarin motar tsani na yini, ina riƙe da ƙarfen ɓalle ƙofa na Halligan, wanda Hugh Halligan na rundunar kashe gobara ta Niyok ya ƙirƙira a 1948.

Da muka hau, malamin, wani dattijo mai furfura, bai bar kowa ya taka rufin ba sai da ya bubbuga shi da kan gatari yana sauraro, domin katako mai lafiya amonsa daban, wanda wuta ta ci ta ƙasa kuma lotsawa yake yi. Muka maƙala ƙaramin tsani mai ƙugiya a tsaikon rufin, muka ba iska baya, na yanka rami mai faɗin ƙafa 4 a kowane gefe da zarto mai inji, ina jin rawarsa har kafaɗa, ina kiyaye kada haƙoransa su datse ginshiƙan da ke ɗauke da mu. Daga nan aka zura doguwar ƙugiya aka ture silin ƙasa, don in ba haka ba ramin bai yi amfanin komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar lokaci. Gwaje-gwajen da rundunar Niyok ta yi tare da NIST (hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka) da UL (cibiyar gwajin lafiyar kayayyaki) a tsibirin Governors da ke Niyok a 2012 sun nuna cewa wutar gidajen zamani, masu cike da katifa da kujerun roba, takan cinye iskar ɗaki da wuri ta lafa tana jira. Idan aka huda rufi kafin ruwa ya isa gare ta, hayaƙi na fita ta sama, sabuwar iska na kwararowa ta ƙofa, sai wutar ta tashi a kan waɗanda ke ciki. Ga kuma rufin sababbin gidaje na siraran katako da aka haɗa da farantan ƙarfe, wanda kan rufta cikin 'yan mintuna. A ganina wannan darasi ya fi koyon riƙe zarto wuya, domin haƙuri yake nema daga mutumin da jininsa ke tafasa.

A zagaye na ƙarshe na gama yankan, amma na bar katakon da na yanke a wurinsa kamar murfi, na durƙusa a kan tsani ina jira, har sai da muryar rediyo ta ce ruwa ya sauka a kan wuta, sannan na ɗaga shi.