Sana'ar sayar da kiɗa babu mawaƙi

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ni kuwa da waƙa a bakin wanda ba mai ita ba nake cin abinci. Ɗakuna huɗu gare ni, kowanne da allo, lasifika da makirufo biyu. Mutum ya shiga ya ja ƙofa, na'ura ta saki kiɗan waƙar da ya zaɓa babu muryar mawaƙin, baitoci na tafiya a allo suna canza launi daidai inda ya kamata baki ya kai. Karaoke ke nan. Kalmar daga Japan ta fito: "kara" na nufin wayam, "oke" kuma guntun sunan ƙungiyar makaɗa ne.

Tun asalinta ma sana'ar ta gajiyayyun ma'aikata ce. Daisuke Inoue makaɗi ne a birnin Kobe, yana yi wa 'yan kasuwa kiɗa suna rerawa bayan an tashi daga aiki. A 1971 ya haɗa akwatin da za a jefa wa yen 100 ya yi aikin da yake yi da hannunsa. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, wasu suka kwashi arzikin. Kafin shi ma, a 1967, wani mai suna Shigeichi Negishi ya ƙera makamancinsa. A 2004 aka ba Inoue kyautar barkwanci ta Ig Nobel, wai don ya samar wa mutane sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar ɗakina na uku ya san ba ƙarya suka yi ba.

Yawancin masu zuwa wurina daga ofis suke, wasu katin shaidar aiki na rataye a wuya. Akwai wata baiwar Allah, akanta ce, ba na ganinta sai ƙarshen wata idan an gama rufe lissafi. Ita kaɗai take zuwa, rabin awa take ɗauka, waƙa ɗaya take maimaitawa. Zagayen farko da ƙyar ake jin ta. A na biyu sai ta cire takalmi. Kafin na uku ya ƙare, ƙofar har rawa take. Ta fito murya a dishe, ta ce, "Malam, sai wani watan," kamar ba ita ce ta shigo fuska a murtuke ba. Japanawa har suna suka yi wa irin wannan zuwa na kaɗaici, hitokara.

Babu wani sihiri a ciki. Wanda ya wuni gaban kwamfuta rai a ɓace, numfashinsa sama-sama ne, kafaɗu a ɗage. Waƙa ba ta yarda da haka. Dole ka cika ƙirji, ka saki iskar a hankali har baiti ya ƙare, kuma dogon fitar da numfashi yana sassauta bugun zuciya. Ga ido na bin rubutu, kunne na bin kiɗa, ina wurin tuna saƙon da oga ya turo ƙarfe biyar saura? Ban ce tana biyan bashi ko tana sauya halin mugun shugaba ba. Gobe aikin na nan yana jira. Amma dai mutum ya koma gida ba da dutse a ƙirji ba.

Nawa aikin shi ne kada kowa ya ji kunyar muryarsa, kuma a nan wahalar take. Amsa-kuwwa ita ce babbar dabara: ɗan kaɗan ya rufa wa murya asiri, idan ya yi yawa sai ka ji kamar daga rijiya ake waƙar. Namiji mai kaurin murya ya zaɓi waƙar da ke hawa sama, ina jin ya fara shaƙewa sai in leƙa in sauke masa kiɗan mataki biyu, ya ɗauka shi ne ya gyaru. Ba na gaya masa. Na taɓa sayen makirufo masu Bluetooth don araha, ashe muryar tana makara kafin ta fito a lasifika. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya sa gwani tuntuɓe. Cikin sati na tattara su na ajiye. Sauran kuwa aikin yau da gobe ne: wanke soson kan makirufo, cajin batir, toshe ƙasan ƙofa kada ɗaki ya shiga ɗaki, biyan haƙƙin masu waƙoƙin, da roƙon mutane kada su nuna wa lasifika bakin makirufo, don ƙarar da take yi sai ta sa haƙori tsami.

Na'urar tana iya ba da maki bayan kowace waƙa. Na kashe wannan tun ranar da na ga wani magidanci ya yi shiru yana kallon 54 a allo, ya ajiye makirufo bai sake ɗauka ba. Mutumin da ake auna ƙwazonsa tun safe, me ya sa zan sake ɗora shi a sikeli da daddare? Wanda ya nema da bakinsa kawai nake kunna wa.

Cinikin da ya fi kawo kuɗi kuma shi ne wanda na fi ƙi: oga ya kwaso ma'aikatansa wai a zo a huce gajiya. Shi ke zaɓen waƙa, shi ke riƙe makirufo, yara na tafi suna satar kallon agogo. Wannan ƙarin aiki ne ba albashi. Yanzu idan irinsu suka zo, nakan ja ogan gefe in ce, "Yallaɓai, ka yi biyu ka bar musu ɗakin." Wasu su ji, wasu su ɓata rai.

Ni ma sana'ar tana gajiyar da ni, ga haya, ga gyara, ga kunnen da ya sha muryoyi iri-iri. Idan kowa ya watse nakan bi ɗakunan ina gwada makirufo, "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." Yaron da ke taya ni aiki ya riga ya gane: in na shiga ɗaki na huɗu na ja ƙofa, sai ya ajiye mini makulli a kan tebur ya yi tafiyarsa.