Albashin Baba Fasto

Ranar Asabar na leƙa gidan Baba Fasto a ƙauyenmu. Na tarar ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa, wa'azin gobe ma bai gama shiryawa ba. Mama, matarsa, ce ta raɗa mini cewa wata uku ke nan ba albashi, baikon Lahadi bai kai kuɗin buhun taki ba.

Raina ya sosu ƙwarai. Shi muke tasa da tsakar dare in an yi rasuwa. Masu cewa ai manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti don ya ciyar da kansa sun yi gaskiya, amma shi dai Bulus ɗin ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 9:14 cewa masu shelar bishara su ci abinci ta bishara. Gobe bayan sujada zan tada maganar a gaban dattawan ikilisiya.